Mutuwar Dawakin Tsere: Tsautsayi Ne Ko Da Hannun Mutane?

Ɗan Kallo:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya game da tseren dawaki na Amurka, kuma tunda muna da likitan dabbobi da masu kiwon dawaki a cikinmu, na ga ya dace in kawo ta nan. A shekarar 2023, cikin 'yan kwanakin da suka gabaci gasar Kentucky Derby da ranar gasar kanta, dawaki bakwai ne suka mutu a filin Churchill Downs, kafin ƙarshen watan Mayu kuma adadin ya kai 12, har masu filin suka kwashe ragowar wasannin kakar suka mayar da su wani fili mai suna Ellis Park. Kafin wannan, a filin Santa Anita da ke jihar Kalifoniya, dawaki 30 ne suka mutu tsakanin ƙarshen Disambar 2018 da watan Yunin 2019. Tambayoyina biyu ne. Me ya sa idan doki ya karye ba a yi masa ɗori, sai dai a kewaye shi da labule a tsakar fili a yi masa allurar mutuwa, alhali dabba ce da kuɗinta kan kai miliyoyin daloli? Sannan waɗannan mace-mace tsautsayi ne da ba ya wuce ranarsa, ko kuwa da hannun mutane a ciki?

Likitan Dabbobi:
Wa alaikumus salam, ƙanina. Tambayarka ta farko tana da amsa a halittar dokin kansa. Dokin tsere yana da nauyin kilo 500 ko kusa da haka, yana kuma gudun da ya kai kilomita 60 a awa ɗaya, kuma a cikin sukuwa akwai lokacin da dukkan wannan nauyi yake sauka a kan ƙafa ɗaya tak. Daga gwiwa zuwa kofato babu tsoka a ƙafar doki, ƙashi ne da jijiya da fata kawai, saboda haka idan ƙashin ya karye a cikin gudu yakan farfashe ne, ya huda fata, ƙasa ta shiga raunin, hanyoyin jinin da za su ciyar da wurin su tsinke. Ko an yi nasarar haɗa ƙashin, doki ba dabba ba ce da za a kwantar da ita wata biyu tana jinya. Dole ya tsaya, idan kuma ya jingina nauyinsa a kan lafiyayyar ƙafar na tsawon lokaci, sai naman da ke riƙe da kofato ya kumbura ya fara saki, wanda ciwo ne mai tsananin azaba. Abin da ya faru da Barbaro ke nan, dokin da ya ci Kentucky Derby a 2006 ya kuma karye a ƙafar baya ta dama makonni biyu bayan haka a gasar Preakness. An yi masa aiki a asibitin dabbobi na Jami'ar Pennsylvania, an kashe kuɗi ba na wasa ba, ƙashin ma ya fara haɗewa, amma ciwon kofato ya ci ƙarfinsa, aka yi masa allurar mutuwa a watan Janairun 2007. Don haka allurar da kake gani a bayan labule, a mafi yawan lokuta, ita ce tausayin da ya rage.

Tambaya ta biyu ita ce mai nauyi, kuma a kanta nake so mu daɗe. Tun 1990 dokar Kalifoniya ta wajabta a binciki gawar duk dokin da ya mutu a filin tsere, kuma likitocin Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, waɗanda suke wannan aiki, sun gano cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na munanan karayar nan suna faruwa ne a daidai wurin da ƙashin ya riga ya sami tsohon lahani. Kamar wayar ƙarfe ce da ake lanƙwasawa ana miƙewa: ba lanƙwasar ƙarshe ce ta tsinka ta ba, ita dai ce aka gani. Ƙashin doki yana samun ƙananan tsaga a wurin horo, jiki kuma yana gyara su idan an ba shi hutu. Idan ba a ba shi ba, tsagar ta yi ta ƙaruwa har ranar da za ta buɗe a gaban jama'a. Alamar da Allah ya ba doki ta sanar da mu halin da yake ciki ita ce ɗingishi da zafi a gaɓa, to idan aka yi masa allurar rage kumburi a cikin gaɓar, ko aka ba shi maganin kashe raɗaɗi, alamar ta ɓace, lahanin yana nan. A ganina yawancin dawakin nan tun a barga aka fara kashe su, makonni kafin ranar tsere.

Masoyin Tsere:
Likita, na gode da wannan bayani, amma ina ganin ka ɗora wa masu horarwa laifin da bincike bai ɗora musu ba. Ofishin mai gabatar da ƙara na Los Angeles ya binciki abin da ya faru a Santa Anita, ya fitar da rahoto a Disambar 2019 cewa bai sami aikata laifi ba, hukumar tseren dawaki ta jihar ma ba ta sami haramtaccen magani a jikin dawakin ba. An yi ruwan sama mai yawa a wannan hunturun, wanda ya shafi ƙasar filin. A Churchill Downs ma binciken da aka yi bai gano wani dalili guda da ya haɗa mutuwar dawakin 12 ba. Kuma ya kamata a yi wa masana'antar adalci a faɗi abin da ta gyara. A 2009, bisa ƙididdigar da ƙungiyar Jockey Club take tattarawa, a duk fitowa 1,000 da dawaki suka yi a tsere ana rasa biyu, a 2022 kuwa adadin ya sauko zuwa 1.25. Majalisar dokokin Amurka ta zartar da doka a ƙarshen 2020 wadda ta kafa hukuma ɗaya ta ƙasa, HISA, a maimakon kowace jiha ta yi gaban kanta, dokokinta na kiyaye lafiya suka fara aiki a Yulin 2022, na magunguna kuma a Mayun 2023. Santa Anita ta girka na'urar ɗaukar hoton ƙashi mai iya gano tsagar da hoton asibiti na yau da kullum ba ya nunawa. A Ostireliya, bayan mutuwar wani doki mai suna Anthony Van Dyck a gasar Melbourne Cup ta 2020, an tilasta ɗaukar hoton ƙafafun dawakin da suka zo daga waje kafin a bar su su shiga. Wanda bai damu da dabbarsa ba ba zai yi wannan ɗawainiya ba. Na kuma ga yadda masu kula da barga suke kwana a gefen doki idan ba shi da lafiya, don haka ba na jin daɗi idan aka yi musu kuɗin goro.

Hajiya Mazauniyar Ingila:
Ɗan'uwa Masoyin Tsere, ban yi shakkar ƙaunar da yaran barga suke yi wa dawaki ba, amma ba su ne suke yanke shawarar ko doki zai fita tsere ba. Ka kuma duba jerin gyare-gyaren da ka kawo, za ka ga kowannensu ya biyo bayan gawa ne da kyamarar talabijin. A nan Ingila ma haka abin yake. Gasar Grand National da ake yi a Aintree tana da shinge 30 da dawaki za su tsallake a tafiyar kusan kilomita bakwai. A 2023 masu zanga-zanga suka kutsa filin, aka kama mutum fiye da 100, aka jinkirta gasar, da aka tashi kuma wani doki mai suna Hill Sixteen ya faɗi a shingen farko ya mutu. Sai a shekarar da ta biyo baya aka rage yawan masu shiga daga 40 zuwa 34, alhali an daɗe ana faɗin cewa cunkoso yana kashe dawaki.

Abin da ya fi ƙona mini rai ma ba wanda ake gani a fili ba ne. Doki yana iya rayuwa shekara 25 ko fiye, amma yawancin na tsere sun gama aikinsu tun ba su kai shekara bakwai ba. Ina suke zuwa? A 2021 wani binciken BBC ya nuna cewa an yanka tsofaffin dawakin tsere kusan 4,000 a Birtaniya da Ailan daga farkon 2019. A Ostireliya, a watan Oktoban 2019, tashar ABC ta nuna hotunan ɓoye daga wata mayanka a jihar Queensland inda ake dukan tsofaffin dawakin tsere ana jona musu lantarki kafin a kashe su. Amurka ta rufe mayankun dawakinta na ƙarshe a 2007, amma ana loda su a manyan motoci a kai su Meziko da Kanada. Ko shahara ba ta ceci Ferdinand ba, wanda ya ci Kentucky Derby a 1986, aka sayar da shi Japan don barbara, da ya daina amfani kuma rahotanni suka nuna a mayanka ya ƙare a 2002. Ƙididdigar 1.25 da ka kawo ba ta ƙirga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ba ta ma ƙirga waɗanda suka mutu a wurin horo ba. Ni dai matsayina shi ne a daina tseren tsallake shinge gaba ɗaya, a kuma haramta sa duƙushi ɗan shekara biyu a tsere, tunda ƙashinsa bai gama nuna ba.

Likitan Dabbobi:
Hajiya, ina tare da ke a maganar makomar dawakin, amma a batun 'yan shekara biyu ina da ja. Gaskiya ne ƙasusuwan doki ba sa gama girma sai wajen shekara biyar zuwa shida, sai dai ƙashi yana ƙarfafa ne gwargwadon aikin da aka saba masa da shi tun yana ƙarami, kuma alƙaluman Amurka ba su nuna 'yan shekara biyu sun fi manya mutuwa a tsere ba. Abin da nake ƙi shi ne kasuwar da ake sa duƙushi ya zura mita 200 a cikin daƙiƙa 10 ko kusa da haka don kawai masu saye su ga saurinsa, gudun da ba za a sake nemansa a wurinsa ba ko a tseren gaske.

Shi kuma ɗan'uwa Masoyin Tsere, rashin samun haramtaccen magani bai rushe maganata ba, domin da halastaccen magani ake yin ɓarnar da nake nufi. Medina Spirit, dokin da ya zo na ɗaya a Kentucky Derby ta 2021 aka kuma ƙwace nasarar a Fabrairun 2022, maganin rage kumburi ne aka samu a jininsa, irin wanda aka yarda a yi jinya da shi amma ba a yarda a same shi ranar tsere ba. Haramtaccen ma akwai shi: a 2020 hukumomin tarayya sun gurfanar da mutum 27, daga ciki aka ɗaure masu horar da dawaki biyu, Jorge Navarro shekara biyar, Jason Servis kuma shekara huɗu, kuma ba gwajin jini ne ya kama su ba, sauraron wayoyinsu aka yi.

Amma misalin da ya fi bayyana mini tushen matsalar shi ne na filin Aqueduct a New York, inda dawaki 21 suka mutu a hunturun 2011 zuwa 2012. A Amurka akwai wani nau'in tsere na dawaki masu arha wanda duk dokin da ya shiga na sayarwa ne a kan ƙayyadadden farashi. Da aka buɗe gidan caca a filin, kuɗin kyauta suka yi tashin gwauron zabo, har kyautar tsere ɗaya ta ninka kuɗin dokin da ke gudun. Mai doki gurgu ya zauna ya yi lissafi: idan ya ci ya sami abin da ya fi kuɗin dokin, idan wani ya saye shi ya rabu da wahala. Kwamitin da gwamnan jihar ya kafa ya ce da an yi abin da ya kamata, da fiye da rabin dawakin ba su mutu ba. Shi ya sa nake cewa likitan da zai ce doki ya fita ko kada ya fita bai kamata ya zama wanda mai dokin ko mai filin yake biya ba.

Malam Mai Almajirai:
Allah ya saka wa Likita da Hajiya da alheri. Ina so in ƙara abin da na sani ta fuskar addini, domin kada wani ya ɗauka tseren kansa ne abin zargi. Ya tabbata daga Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shirya tseren dawaki a Madina. Abin lura shi ne yadda ya raba su. Dawakin da aka horar aka shirya jikinsu sun taso daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, tafiyar mil biyar zuwa shida, waɗanda ba a horar ba kuwa daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ kawai, kimanin mil ɗaya. Wato an auna wa kowace dabba nisan da jikinta zai ɗauka. Haka nan an hana dukan dabba a fuska da yi mata lalas a fuska. Wanda ya san dokinsa yana ciwo, ya ɓoye ciwon da allura ya tura shi gudu don kuɗi, ya ci amanar dabbar, ya ci ta mahayin da zai iya faɗowa ya karya wuya, ya kuma yaudari wanda zai saya. Ina kuma so a faɗa mini matsayin bulala a wannan wasa, domin ina ganin mahaya suna zabga ta idan an kusa ƙarshe.

Hajiya Mazauniyar Ingila:
Allah ya gafarta Malam, a Birtaniya tun 2023 an ƙayyade bulala shida a tseren fili, bakwai a na tsallake, wanda kuma ya wuce ƙa'ida da huɗu ana soke nasarar dokinsa. Ƙasar Nowe ta hana dukan doki don ya ƙara gudu tun 1982, Suwidin ta bi sahu a 2022, kuma ana ci gaba da tsere a ƙasashen biyu. Masu kare bulalar suna cewa an lulluɓe ta da soso, fatar doki kuma tana da kauri. Masu bincike a Jami'ar Sydney sun gwada fatar doki da ta mutum a 2020, suka ga jijiyoyin jin zafi da ke saman fatar ba su da wani bambanci na a zo a gani. Dabbar da take jin saukar ƙuda a gadon bayanta har ta girgiza fata, ba za a ce ba ta jin bulala ba. Kuma a ƙarshen tsere ake yawan dukan, lokacin da dokin ya gaji, wanda shi ne lokacin da ya fi kusa da rauni.

Masoyin Tsere:
A batun bulala ba ni da ta cewa, a bar wa mahayi ita don karkatar da doki idan zai kauce hanya, a hana duka. Na kuma yarda a cire wani kaso daga kowace kyauta da kowane cinikin doki a ajiye don kula da waɗanda suka yi ritaya, a riƙa bin sawun kowane doki da lambar da ke jikinsa har ranar mutuwarsa. Inda ban yarda ba shi ne maganar rufewa. Idan aka rufe filayen gobe, dubban dawakin da ke barga a yau wa zai ciyar da su? Mayankar da Hajiya take ƙi ita ce za ta cika.

Hajiya Mazauniyar Ingila:
Ban ce gobe ba, ɗan'uwa. Dawakin nan ba daga daji aka kamo su ba, mutane ne suke haɗa barbararsu kowace shekara bisa lissafin kasuwa. A nahiyar Amurka ta Arewa an haifi fiye da 50,000 a 1986, yanzu ba sa kai 20,000 a shekara, ka ga ke nan ana iya rage haihuwa idan an so. A fara rage ta daidai da yawan waɗanda za a iya riƙewa har tsufa, sannan mu yi maganar sauran.

Baba Mai Dawaki:
'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ko da yake ban taɓa ganin filayen Turawan nan ba, maganar Likita ta ɗingishi ita ce abin da muka gada. Mai doki na gaskiya, da asuba kafin ya zuba harawa, yakan durƙusa ya shafa ƙafafun nan huɗu da tafin hannunsa daga gwiwa zuwa kofato, yana gwada ɗumin wannan da na waccan. Sannan ya sa yaro ya ja dokin da ragama a kan ƙasa mai tauri yana sassarfa, shi kuma ya tsaya a gaba yana kallon kai. Idan ƙafar gaba ce ke ciwo, za ka ga dokin yana ɗaga kai duk lokacin da ta taɓa ƙasa, yana sauke shi a kan lafiyayyar. Dokin da ya yi haka ba a ɗaura masa sirdi, ko da ranar hawan Sallah ce.

Abin da ya sa na sa baki shi ne kada mu yi ta kallon Amurka mu manta da namu. Na ga samari masu kilisa suna sukuwa a kan kwalta da tsakar rana, suna kafa wa doki ƙaimi har jini yana bin cikinsa, suna fizgar linzami don ya yi tsaye a gaban 'yan kallo, bakin dabbar yana kumfa ja. Na kuma ga wanda ya sayo allurar kashe ciwo a kasuwa ya yi wa dokin haya da kansa don kada a fasa hawan angwanci. Su can aƙalla suna ƙirga gawa, suna buɗe ta su ga dalili. Likita, ina da tambaya: akwai wata goɗiya a wurina da jijiyar bayan ƙwaurinta ta kumbura bayan sukuwa, wasu suna ba ni shawarar a yi mata lalas da ƙarfe kamar yadda ake yi a da. Me ka gani?

Likitan Dabbobi:
Baba, Allah ya ƙara girma, kada a yi mata lalas. Turawa ma sun daɗe suna ƙona jijiyar doki da ƙarfe, kuma babu wata hujja da ta nuna ƙunar tana warkarwa. Hutun dole da ƙunar take jawowa shi ne yake yin aikin, ita kuwa sai ƙarin azaba da tabo. A kwanakin farko a riƙa kwarara mata ruwan sanyi a wurin na kimanin minti 20, sau biyu ko uku a rana, a naɗe ƙafar da auduga da bandeji ba tare da an matse ba, a naɗe 'yar'uwarta ma domin ita ce take ɗaukar nauyin yanzu. A bar ta a turke a kan ƙasa mai laushi. Idan likita ya duba ya ba da maganin rage kumburi, a sani cewa don ta sami sauƙin hutawa ne, domin za ta daina ɗingishi tun jijiyar ba ta warke ba, kuma a nan ne mutane suke ruɗuwa su mayar da sirdi. Bayan kumburin ya faɗa sai a fara jan ta da hannu tana tafiya kaɗan-kaɗan, ana ƙarawa a hankali. Jijiya irin wannan takan ɗauki wata tara zuwa shekara guda kafin a yi maganar sukuwa, kuma idan da hali a kai ta asibitin koyarwa na dabbobi a ɗauki hoton jijiyar kafin a yanke wannan shawara.